Yadda ake gano inda matsala take idan kwamfutocin gida suka ƙi ganin juna

Gidajen da ke da kwamfuta biyu ko uku a garuruwanmu na karkara, daga Ringim zuwa Gumel, daga Bichi zuwa Rano, ba don ado suka tara su ba. Ɗaya tana shagon ƙofar gida, haɗe da firinta, da ita ake buga tambayoyin jarrabawa da katin ɗaurin aure. Ɗayar kuma laftof ce ta malamin makaranta ko ta ɗalibi, tana cikin gida. Kullum filash ke kai-komo tsakaninsu, kuma shi ne ke kwaso bairos ɗin nan da ke ɓoye fayiloli ya bar maka fankon hotonsu. Idan kwamfutocin suna ganin juna ta netwok, an huta da wannan wahalar.

Kafin a shiga aiki, akwai abin da mutane da yawa ke ruɗewa a kai. Tura fayil tsakanin kwamfutoci biyu da ke kan rauta ɗaya, wato na'urar da ke haɗa su ta waifai ko kebul, ba ya cin data, ba ya ma buƙatar intanet. Ko layin da ke cikin MiFi ɗin ba shi da ko sisi, ko sabis ya ɗauke gaba ɗaya a garin, fayil zai wuce, domin hanyarsa daga wannan kwamfuta ce zuwa rauta, daga rauta zuwa waccan. Saboda haka idan abu ya ƙi, kada ka fara da sayen data. Daga ƙasa ake farawa: waya da wuta, sannan lamba, sannan izini. Wanda ya tsallake na farko ya faɗa na uku, sai ya wuni yana taɓa saiti alhali kebul ne ya tsinke.

Mataki na farko: duba da ido, taɓa da hannu

Shin duka kwamfutocin a kan na'ura ɗaya suke? Tambayar kamar ta raini, amma ita ta fi kama mutane. Na taɓa zama a wani shagon buga takardu a wani ƙauye kusa da Gaya, mai shagon yana ta faɗa wai Windows ta lalace, tun da duka biyun suna buɗe Facebook amma ba sa ganin juna. Ɗan ƙanwarsa ya leƙa ƙasan allon ta dama, ya ce, "Kawu, ai wannan a kan wayarka take, waccan kuma a kan MiFi." Kawun ya ce, "To ba duk intanet ba ne?" Intanet ne, amma netwok biyu ne daban. Danna alamar waifai a kowace kwamfuta ka karanta sunan da take haɗe da shi. Idan rautar tana da suna na biyu na baƙi, wanda galibi ke ƙarewa da "Guest", ka fitar da kwamfutar daga kansa, domin an yi shi ne musamman don ya hana na'urori ganin juna.

Idan da kebul kake aiki, duba 'yar fitilar da ke bakin ramin da aka cusa shi, a jikin kwamfuta da jikin rauta. Ba haske, ba haɗi. Zare kan kebul ɗin ka duba. Akwai wani ɗan harshen roba da ke yin ƙas idan ya shiga daidai, kuma shi ne ke fara karyewa. Za ka tarar an tokare shi da tsinken ashana ko an naɗe da salatif, ana ɗan taɓa teburin sai ya saki. Sabon kai ba shi da tsada, kuma masu kayan kwamfuta a Titin Beirut ko Farm Centre a Kano suna matse shi nan take. Bi kebul ɗin da hannu tun daga farkonsa har ƙarshe, musamman inda ya bi ta bayan buhunan gero ko ta saman rufi, wurin da ɓera ke samun sa. Lokacin hunturu kuma ƙura kan cika ramin, sai a hure shi ko a share da busasshen burushi.

Daga nan kashe rautar, ka ba ta kamar minti ɗaya, ka kunna, ka sake kunna kwamfutocin duka.

Mataki na biyu: karanta lambar kowace kwamfuta

Duk na'urar da ta hau netwok, rauta tana ba ta lamba, wadda ake kira lambar IP. Danna maɓallin Windows tare da harafin R, rubuta cmd, danna Enter. Baƙin allo zai buɗe. Rubuta ipconfig ka sake danna Enter. Layi biyu kake nema: "IPv4 Address", wato lambar kwamfutar, da "Default Gateway", wato lambar rautar. Ɗauki biro ka rubuta na kowace kwamfuta a takarda, domin za ka yi ta komawa kansu.

A netwok na gida, lambar kashi huɗu ce, kuma kashi ukun farko dole su zama iri ɗaya a duk kwamfutocin, na huɗun ne kawai ke bambanta. Idan ta shago tana da 192.168.8.100, ta cikin gida kuma 192.168.8.103, lafiya lau. Idan ɗaya tana 192.168.8.100 ɗayar kuma 192.168.0.105, ba wuri ɗaya suke ba, ko da kana ganin igiya ta haɗa su.

Wannan yakan faru a gidan da aka ƙara rauta ta biyu don sabis ya kai sashen iyali. Ana jawo kebul daga ta farko a cusa shi a ramin da aka rubuta WAN a jikin ta biyu, ita kuma sai ta kafa nata netwok ta fara raba nata lambobin. Gyaran shi ne ka shiga saitin ta biyun ka mayar da ita "Access Point" idan tana da wannan zaɓi. Idan babu, ka kashe DHCP ɗinta, wato sashen da ke raba lamba, ka ba ta lambar da ba ta ci karo da ta rautar farko ba, sannan ka mayar da kebul ɗin ɗaya daga cikin ramukan LAN.

Idan kuwa ka ga lambar ta fara da 169.254, to kwamfutar ta nemi lamba ba wanda ya amsa mata, sai ta laƙaba wa kanta. Koma mataki na farko, matsalar tana can. In ka tabbatar kebul da waifai lafiya suke, rubuta ipconfig /release, sannan ipconfig /renew, ka ga ko za ta samu ta kirki.

Mataki na uku: ƙwanƙwasa ka ji ko za a amsa

A cikin baƙin allon nan, rubuta ping, ka bar fili, ka sa lambar rauta, misali ping 192.168.8.1. Idan ka ga "Reply from" tare da lokacin da amsar ta ɗauka, hanya tsakaninka da rauta a buɗe take. Yi haka a duka kwamfutocin. Sannan daga wannan ka gwada lambar waccan.

A nan sai an yi hattara. "Request timed out" ba lallai ne yana nufin hanya ta yanke ba, domin katangar tsaron Windows tana ƙin amsa irin wannan kira matuƙar ba a kunna raba fayil ba. Don haka ka yi mataki na huɗu tukun, ka dawo ka sake gwadawa. Idan har yanzu shiru, ko kana ganin "Destination host unreachable" alhali kowace tana samun amsa daga rauta, to rautar ce ta shiga tsakani. Buɗe burauza, rubuta lambar rautar a wurin adireshi, shiga da kalmar sirrin da galibi ke rubuce a ƙasanta ko a ƙarƙashin batirin MiFi, ka nemi "AP isolation" ko "Client isolation" a sashen waifai, ka kashe.

Wani mai laifin kuma shi ne antibairos ɗin da mai gyara ya saka tun ranar da aka sayi kwamfutar, wanda wa'adinsa ya ƙare tuni amma katangarsa tana nan tana tare hanya. Dakatar da shi na ɗan lokaci ka gwada. In shi ne, ni a ganina gara a cire shi baki ɗaya a bar wanda ya zo da Windows. Abin da ba zan ba ka shawara ba shi ne kashe katangar Windows ɗin kanta a bar ta a kashe, kamar yadda wasu masu gyara ke yi don su sallami mai kaya da wuri.

Mataki na huɗu: gaya wa Windows cewa gida take

Windows tana kasa netwok gida biyu. "Public" na wurin jama'a ne, inda take ɓoye kanta. "Private" na gida ne, inda take yarda a gan ta. Windows 11 tana sa duk sabon netwok a "Public" sai ka sauya da kanka. Shiga Settings, sai Network & internet, sai Wi-Fi, ko Ethernet idan da kebul kake aiki, danna sunan netwok ɗin, ka zaɓi "Private". Yi haka a kowace kwamfuta. Ka kuma tuna cewa duk ranar da aka sauya rauta ko aka sake mata suna, Windows za ta ɗauke ta a matsayin baƙuwa, sai an maimaita.

Tun da kana wannan shafin, idan da MiFi ko wayar hannu kuke amfani, kunna "Metered connection". Ba ya hana raba fayil, amma yana rage yadda Windows ke shanye data da sabunta kanta.

Sai a kunna rabon. A Windows 10, shiga Control Panel, sai Network and Sharing Center, sai "Change advanced sharing settings". A sababbin Windows 11 yana cikin Settings, ƙarƙashin Network & internet, sai Advanced network settings, sai "Advanced sharing settings". A sashen "Private" ka kunna "Network discovery" da "File and printer sharing". A sashen "All networks" akwai "Password protected sharing". Bar shi a kunne. Dalili yana zuwa.

In ka ci karo da tsohon bidiyo a YouTube yana cewa ka buɗe HomeGroup, wuce shi. Microsoft ta cire wannan tun fitowar Windows 10 ta 1803 a shekarar 2018.

Mataki na biyar: folda da izini, inda aka fi daɗewa

Kada ka raba faifan C gaba ɗaya. Buɗe sabuwar folda ɗaya, ka sa mata gajeren suna kamar Aiki, a can za a riƙa ajiye abin da ake son kowa ya gani. Danna ta da maɓallin dama na maus, zaɓi Properties, sai Sharing, sai Advanced Sharing, ka sa alama a "Share this folder". Danna Permissions ka zaɓi ko karantawa kawai za a yi, ko har da sauyawa da gogewa.

Ba a gama ba. A nan gefe akwai wani shafi mai suna Security, shi ma da nasa izinin. Abin kamar gidan gargajiya ne: an ba baƙo izinin shiga zaure, amma ɗakin da kayan suke a kulle yake. Windows tana duba izinin biyu, kuma wanda ya fi tsauri shi ke aiki. Duk lokacin da kake ganin foldar daga waccan kwamfutar amma ta ce maka "You do not have permission", ko kana iya buɗe fayil amma ba ka iya ajiyewa, nan za ka dawo. Danna Edit, sai Add, rubuta sunan mai amfanin, ka ba shi "Modify".

Wane mai amfani? Hanyar da ta fi sauƙin riƙewa ita ce ka buɗe wani asusu na musamman a kwamfutar da ke ɗauke da foldar, ka kira shi misali rabo, ka sa masa kalmar sirri. Yana cikin Settings, Accounts, sashen sauran masu amfani, ka zaɓi buɗe shi ba tare da asusun Microsoft ba. Wannan sunan za ka saka a Permissions da Security duka. Amfaninsa a fili yake: yaran shago za su shiga folda ɗaya ba tare da sun san kalmar sirrinka ba. Ga kuma maganar maƙwabta. A ƙauye kalmar sirrin waifai ba ta kwana biyu ba ta zagaye layi ba, kuma duk wanda ya hau rautarka yana cikin netwok ɗinka. Idan ka kashe kariyar kalmar sirri ka buɗe wa "Everyone", takardun sakamakon ɗalibai da hotunan bikin mutane suna hannun duk yaron da ya zauna a dakalin ƙofar gida da waya.

Idan aka tambaye ka suna da kalmar sirri daga waccan kwamfutar, abu uku ne ke jawo ta ƙi karɓa. Na farko, bayanan kwamfutar da kake son shiga ake nema, ba na wadda kake zaune a gabanta ba, kuma ya fi kyau ka haɗa da sunan kwamfutar, kamar SHAGO\rabo. In ba ka san sunan ba, rubuta hostname a baƙin allonta. Na biyu, lambar PIN da kake buɗe kwamfuta da ita ba ta aiki ta netwok, sai ainihin kalmar sirri. Na uku, asusun da ba shi da kalmar sirri sam, Windows ba ta barin a shige shi ta netwok, kuma galibin kwamfutocin da ke shagunanmu haka suke.

Wani lokaci kuma ba za ta ma tambaye ka ba, sai dai ta ƙi kawai, saboda ta riƙe tsohuwar kalmar da aka taɓa sakawa. Buɗe Control Panel, sai Credential Manager, sai Windows Credentials, ka goge layin da ke ɗauke da suna ko lambar waccan kwamfutar, ka sake kunna taka.

Mataki na shida: shiga da lamba, kada ka jira ta bayyana

Mutane sukan buɗe sashen Network a File Explorer, in ba su ga ɗayar kwamfutar ba sai su ce abu bai yi ba. Wannan jerin ba abin dogaro ba ne. Danna Windows da R, rubuta karkatattun sanduna biyu masu jingina baya sannan lambar, kamar \\192.168.8.100, danna Enter. Idan foldar ta fito, an gama babban aiki. Danna ta da maɓallin dama ka zaɓi "Map network drive", ta zama kamar wani faifai a cikin This PC.

In kana son ta riƙa fitowa a jerin, je kwamfutar da ba a gani, danna Windows da R, rubuta services.msc, danna Enter, nemi "Function Discovery Resource Publication" da "Function Discovery Provider Host", ka mayar da su Automatic, ka tayar da su. Ka kuma duba ko kwamfutocin biyu suna ɗaya suke amsawa. Yakan faru idan mai gyara ya kwafe Windows daga faifai ɗaya ya zuba wa duka. Sauya sunan ɗaya a Settings, System, About, kada ya wuce harafi 15.

Saƙon 0x80070035, mai cewa ba a sami hanyar ba, yawanci yana mayar da kai ne mataki na uku da na huɗu. In ka tabbatar da su, to sai a duba shekarun na'urorin.

Tsohuwar kwamfuta da sabuwa

Yaren da Windows ke raba fayil da shi sunansa SMB. Windows XP tsohon samfurin kawai ta iya, wato SMB1, wanda Microsoft ta daina kunnawa a sababbin Windows 10 tun 2017. A watan Mayun shekarar ne bairos ɗin WannaCry ya bi ta raunin SMB1 ya kulle kwamfutoci a ƙasashe da dama, har da na asibitocin gwamnati a Ingila. Ana iya sake kunna shi a "Windows Features", kuma za ka ga masu ba da wannan shawara da yawa. Ni dai ban ga dalilin buɗe wannan ƙofa saboda kwamfuta ɗaya da ta tsufa ba. Windows 7 tana jin sabon samfurin, tana aiki da 10 da 11, duk da an daina sabunta mata tsaro tun Janairun 2020. Ita ma Windows 10 wa'adin tallafinta na yau da kullum ya ƙare a 14 ga Oktoban 2025.

Wanda kuma abinsa ke aiki lafiya sai ya tsaya bayan laftof ta sabunta zuwa Windows 11 ta 24H2, ya sani an ƙara tsaurara shiga irin ta baƙo marar kalmar sirri. Asusun nan na rabo da ka buɗe shi ne maganinsa.

Idan yau ya yi, gobe ya ƙi

Wannan ciwon wuta ne. Duk sanda aka ɗauke wuta, ko aka sauya daga sola zuwa janareta, rauta ta mutu ta tashi, tana iya sake raba lambobi, kwamfutar shago da ke 100 jiya ta wayi gari tana 102. Faifan da ka haɗa da tsohuwar lamba sai ya nuna jan kuros. Shiga saitin rauta, sashen DHCP, nemi "Address reservation" ko "Static lease", ka ɗaure wa kwamfutar shago lamba ɗaya ta dindindin. Rauta ba ta cin wuta sosai, don haka in da hali a ɗora ta a kan inbata ko ƙaramin batiri ta daina mutuwa.

Kwamfutar da ta yi barci ma ba ta amsa kowa. A saitin Power na wadda ke ɗauke da foldar, mayar da Sleep zuwa "Never" lokacin da take jone da wuta.

Sai jinkiri. Katangar ƙasa mai kauri da rufin kwano suna cinye waifai, musamman na 5GHz. Na 2.4GHz ya fi ratsa gini amma bai kai shi sauri ba. Ga mai haɗa bidiyon biki, kebul ne mafita: Cat5e ko Cat6 yana kaiwa mita 100. Rami mai gudun 100Mbps yana tura kusan megabait 11 a daƙiƙa, wato bidiyo mai gigabait 8 zai ci wajen minti 12. Mai gudun gigabit kuwa, in faifan kwamfutar ba ya jan ƙafa, bai kai minti 2 ba. Amma gigabit sai duk silin waya takwas da ke cikin kebul ɗin suna aiki. In ɗaya ya tsinke, yakan sauko 100 shiru ba tare da ya gaya maka ba.

Inda babu rauta sam, kebul ɗaya tsakanin kwamfutoci biyu ya isa. A saitin IPv4 na Ethernet ka ba ɗaya 192.168.10.1, ɗayar 192.168.10.2, duka da 255.255.255.0 a wurin "Subnet mask". Windows takan ɗauki irin wannan haɗi a matsayin "Public", don haka sai ka kunna raba fayil a wannan sashen, ka kashe shi in ka gama, musamman a laftof ɗin da ake fita da ita.

Kebul ɗin da zai ratsa tsakar gida daga shago zuwa ɗaki, a zura shi cikin bututun roba a binne, kada a rataye shi a sama daga kwano zuwa kwano. Da damina kuma, hadari na haɗowa a zare shi daga duka ɓangarorin biyu, domin tsawa ko ba ta faɗo a gidan ba tana iya bi ta cikinsa ta ƙone ramin kwamfuta da rauta tare.

In duk an bi waɗannan kwamfuta ɗaya ta kafe, saura "Network reset", wanda a Windows 11 yake ƙarƙashin Advanced network settings, a Windows 10 kuma a ƙasan shafin Network & internet. Yana goge duk saitin netwok ya dawo da shi sabo, har da kalmomin sirrin waifai da ta haddace da lambar da ka saka da hannu. Ka rubuta su a takarda kafin ka danna, kuma in ta tashi ka koma mataki na huɗu ka sake zaɓar "Private".